Zaman Mai Bi a Gidan Baƙunci

Ya ɗan'uwana mai karatu, an rubuta wannan 'yar takarda domin wanda ya karɓi Ubangiji Yesu ba da daɗewa ba, da wanda ya ke cikin bincike tukuna, yana so ya san irin tafiyar da ta kamaci mai bi. Batun da za mu duba ƙarami ne a ido, amma ya ɗaukaka waɗansu, ya kuwa kā da waɗansu. Watau yadda mutum zai zauna sa'ad da aka aike shi wata ƙasa koyon aiki, aka sauke shi a gidan waɗanda ba danginsa ba ne, harshensu dabam, wani lokaci ma addininsu dabam.

Kada ka ce wannan bai shafe ka ba. Mairuwa a bakin hanya ta ke, motoci suna wucewa tsakanin Funtuwa da Gusau, samarinmu kuwa ba su zama wuri ɗaya. Wani ikilisiya ta kan zaɓe shi ta aike shi makarantar Littafi Mai Tsarki, kafin ya gama kuwa a tura shi wani ƙauye mai nisa ya koyi aikin bishara a hannun tsohon mai wa'azi. Wani ya kan ƙetare iyaka zuwa Maraɗi, ko Galmi inda asibitin mishan ya ke tun 1950, ya koyi jinya, ya ba da hannu ba domin albashi ba. Wanda ya yi karatu mai zurfi kuma, tun 1973 da gwamnatin Janar Gowon ta kafa bautar ƙasa, a kan tura shi wata jiha ya yi shekara guda. Dukan waɗannan, ran da suka sauka daga mota da 'yar jakarsu, sai wani ya buɗe musu ɗaki, wata kuma ta ƙara gari a tukunya sabili da su. Watakila bana kai ne.

Ka buɗe Bishara ta hannun Luka, sura 10, ka karanta yadda Ubangijinmu ya aiki almajiransa biyu biyu zuwa garuruwan da shi kansa za shi. Ka lura da abu ɗaya wanda masu karatu da yawa su kan tsallake. Wa'azin da ya ba su su yi gajere ne ƙwarai, batun kusatowar mulkin Allah ne kaɗai. Amma a kan masauki ya tsaya ya yi musu bayani filla-filla: yadda za su yi wa gida sallama, da cewa su tsaya a gidan da ya karɓe su, su ci abin da aka kawo musu, kada su riƙa sauya masauki. Me ya sa Mai Ceton duniya ya damu da tuwo da shimfiɗa haka? Domin ya san mutane. Mai wa'azi sau ɗaya a mako a ke jin muryarsa, amma baƙon da ke kwana a gida, tun daga asuba har a kashe fitila ana ganinsa. Kafin mutanen gari su ji abin da ka zo da shi, sun riga sun tambayi yaran gidan da ka sauka wane irin mutum ne kai.

Farkon abin da za ka sa a zuciyarka shi ne, kai mai koyo ne. Ko da ka fi kowa a gidan sanin boko, ba ka san inda rijiya mai daɗin ruwa ta ke ba, ba ka san wanda a ke fara gaisarwa ba, ba ka san maganar da ke kawo dariya da wadda ke kawo faɗa ba. Waɗanda suka kawo mana bishara ma da koyo suka fara. Kafin 1900, Likita Miller da abokansa na mishan ɗin CMS sun tafi Tarabulus, inda Hausawa fatake da mahajjata su ke, suka zauna suna koyon Hausa a bakinsu. A can ne Miller ya sadu da wani yaro mutumin ƙasar Katsina, Abdulmajid, likita guda ya zauna yana sauraron yaro yana gyara masa magana. A 1900 suka iso Kano tare da Bishop Tugwell, Sarki Aliyu bai yarda su zauna ba, suka juya. Amma harshen da suka koya da tawali'u bai ɓata ba, gama a 1932 aka gama buga Littafi Mai Tsarki dukansa da Hausa. Har waɗanda ba aikin bishara ya kawo su ba sun gane wannan hanya. Ƙungiyar nan ta Amurka da a ke kira Peace Corps ta yi aiki a Nijar daga 1962 har farkon 2011. Cikin shekarunta na baya, samari da 'yan matan da ta aiko ba a kai su wurin aiki kai tsaye, sai a fara sauke su a garin Hamdallaye kusa da Yamai, a rarraba su gida gida, su yi wata biyu ko fiye suna cin abin da mutanen gida ke ci, suna wanka da bokiti, suna koyon Hausa ko Zabarmanci, har a raɗa musu sunan ƙasa. In waɗanda suka fito daga manyan makarantun duniya sun durƙusa haka domin aikin shekara biyu, ina misalin kai da ka ke ɗauke da sunan Kristi?

Bari mu bi yini guda tun daga safe. Kada rana ta same ka a kan tabarma. Gidan manomi da asuba ya ke tashi, in kuwa gidan Musulmi ne, kiran salla ya riga ya ta da kowa. Ka tashi tare da su, ka yi addu'arka a ɗakinka, ka karanta aya kaɗan, sa'an nan ka fito ka durƙusa ka gai da maigida, ka ce, “Baba, ina kwana?” Ka aika gaisuwa ga uwargida, ka kira ta Inna ko Gwaggo, ko abin da 'ya'yanta ke kiranta da shi a harshensu. Gaisuwa ba ta cin kuɗi, amma na ga saurayin da rashinta ya rufe masa gari ɗungum. Bayan gaisuwa ka nemi aiki, kada ka jira a ba ka. Baƙon kwana uku a kan ɗebo masa ruwa. Wanda zai yi wata uku kuwa, shi ya kamata ya ɗauki guga. Ka share ƙofar ɗakinka, ka wanke tufafinka da kanka. In damina ce, ran da ba ka da karatu ka ɗauki fartanya ka bi 'ya'yan gida gona, gama kai ɗan ƙasar masara da auduga ne, ba wanda zai koya maka huɗa. Manzo Bulus a Korinti ya sauka a gidan Akila da matarsa, ya zauna yana ɗinkin tanti tare da su, kamar yadda ya ke a Ayyukan Manzanni sura 18. Ya kuma tuna wa masu bi na Tasalonika cewa ya yi aiki dare da rana domin kada ya nauyaya wa kowa. Mutumin da ya ga Ubangiji a hanyar Dimashƙa bai ga riƙe basilla ya fi ƙarfinsa ba.

Sa'an nan batun abinci, wanda a nan ne samarinmu da yawa su kan yi tuntuɓe. Ka saba da tuwon masara ko na dawa da miyar kuka. In an kai ka ƙasar Tibi za ka tarar da sakwara, a ƙasar Yarbawa amala da miya mai barkono har ido ya yi ruwa, a ƙauyukan Nijar kuwa fura ce za ta riƙe ka yawancin yini. Ba laifi ba ne cikinka ya yi gardama kwanakin farko. Amma ka sani uwargida tana duban kwanon sa'ad da ya komo. Mai yiwuwa ne ta rage rabon 'ya'yanta ta cika naka, mai yiwuwa ne kazar da aka yanka ran da ka sauka ita ce aka ajiye domin ranar biki. Kwanon da ya komo cike, an ɗan taɓa gefensa kawai, zagi ne wanda ba a yi da baki ba, mata kuwa ba su manta irinsa. Ka wanke hannu, ka yi godiya ga Allah, ka ci da dama, ka ci iyakar abin da ka iya, ka aika mata da sannu da aiki. In akwai abin da ke cutar da jikinka da gaske, ka faɗa wa maigida a asirce. Kada kuma ka sayo burodi da sardin ka rufe ƙofa kana ci kai kaɗai, alhali yara suna jin ƙanshi ta taga. Abin da ka sayo, ka fito da shi a raba.

Bayan mako biyu ko uku, sa'ad da aka san ka a gari, wani mai hali zai zo ya ce, “Malam, me ka ke yi a wancan ɗakin mai yoyo? Ga ɗaki a gidana da rufin kwano da wutar sola.” A nan ne za ka gane hikimar Ubangiji da ya hana sauya masauki. In ka kwashe kayanka ka bi shi, kai ka sami katifa, amma ka bar wa mai masaukinka na fari kunyar da za ta bi shi kasuwa da wurin suna, a riƙa cewa ga wanda baƙo ya guje wa. Shi ne fa ya buɗe maka ƙofa sa'ad da ba wanda ya san ka. Ka gode wa mai halin, ka riƙa kai masa gaisuwa, amma ka kwana inda aka fara sauke ka, sai fa in waɗanda suka aiko ka ne suka ga dalilin sauya maka wuri.

Game da harshe ina da magana mai ɗan zafi, gama ciwon namu ne. Mu Hausawa mun saba kowa ya koyi harshenmu, mu kuwa ba mu koyi na kowa ba. Bahaushe ya kan yi shekara ashirin cikin wata al'umma yana ciniki, bai iya ko gaisuwarsu ba, in kuwa ɗayansu ya yi kuskure cikin Hausa sai mu ce yana gwaranci, mu yi dariya. Wannan girman kai ne, bai kamaci mai bi ba. Kai musamman, ɗan'uwana, in daga gidan Maguzawa ka fito, ka san zafin a kira mutum da sunan raini; kada ka ɗauki wannan sanda ka bugi wani da ita. Ka ajiye ɗan littafi a aljihu, kowace rana ka rubuta kalma goma. Yara su ne malamanka mafi kyau, gama ba su gajiya da maimaitawa, ba su kuwa jin kunyar gyara ka. Za a yi maka dariya, ka yi tare da su. Tsohuwar da ta ji ka gaishe ta da harshen uwarta, ko da a karkace, ta riga ta buɗe maka rabin zuciyarta. Ko a inda Hausa a ke yi ma kada ka ɗauka ka iso gida. A Maraɗi da dala a ke lissafin kuɗi, dala ɗaya tamkar sefa biyar, in mai tebur ya ce dala ashirin, sefa ɗari ya ke nufi. Makarantar boko kuwa lakwal su ke ce mata. Ka tambaya kafin ka yi gardama.

Akwai iyaka a kowane gida wadda ba a zana ta a ƙasa ba. A ƙasarmu zaure ne iyakar baƙo namiji, ba ya wuce shi sai an ce ya shigo, ko an ce ma sai ya yi sallama ya dakata. A waɗansu ƙasashe ba kulle, 'yan matan gida za su kawo maka ruwa, su zauna su yi hira da kai ba da wata manufa ba. Can ne hatsarin ya fi yawa, gama kana nesa da idon iyayenka, kaɗaici kuma yana sassauta zuciya. Ka tuna da Yusufu a gidan Fotifar, cikin Farawa sura 39. Maigidansa ya danƙa masa kome, shi kuwa ya ga cin amanar mutumin zunubi ne ga Allah kansa, ya gwammace ya bar rigarsa ya gudu. Kada ka zauna da 'yar gida a ɗaki ku biyu, ko da koya mata karatu ka ke yi. Ku fito da tabarma fili inda kowa ke gani. Kada ka yi mata alkawari da wasa. In kuwa zuciyarka ta kwanta da ita da gaskiya, akwai hanya: ka faɗa wa shugabanninka, manya su shiga maganar. Ke kuma 'yar'uwata, in ke ce aka aika, ki manne wa uwargida, ki zama kamar 'yarta, fitarki da shigarki da saninta, suturarki kuwa irin wadda matan kirki na wurin ke yi.

Watakila za ka ce, “To, in na ci abincinsu, na koyi harshensu, na bi al'adarsu, ina bambancina? Ashe, ba cewa aka yi in ka je gari ka ga kowa da wutsiya, kai ma ka nemo ka ɗaura ba?” Wannan karin magana yana da gaskiya har wani wuri, daga nan sai ya tsaya. Littafin Daniyel sura 1 ya nuna mana wurin. Daniyel saurayi ne da aka kai Babila, aka sa shi koyo na shekara uku. Aka koya masa harshen Kaldiyawa da rubutunsu, ya koya har ya fi 'yan ƙasa. Aka sauya masa suna, ya amsa. Abu ɗaya ne ya ƙudura ba zai yi ba, watau ya ƙazantar da kansa da abincin sarki da ruwan inabinsa. Ka duba kuma yadda ya ƙi. Bai ta da murya ba, bai zagi kowa ba, sai ya roƙi wakilin da ke lura da su a gwada su kwana goma da ganyaye da ruwa, a gani. Haka kai ma. In aka yi yanka a wurin tsafi aka ce ka ci, ko aka miƙo maka ƙwaryar giya, ko aka kawo laya aka ce ka ɗaura domin tsari, ba za ka karɓa ba. Amma kada ka jira sai an taru ka kunyata maigida a gaban baƙinsa. Tun makon farko ka same shi shi kaɗai, ka ce, “Baba, ni ɗanka ne a gidan nan, kome ka sa ni zan yi, sai abu kaza da kaza waɗanda na yi wa Ubangijina alkawari a kansu.” Dattijo ya kan girmama yaron da ke da alkawari. Sau da yawa ma shi ne zai riƙa kare ka a gaban mutane.

Naman da maƙwabci Musulmi ya aiko ranar Salla, a ganina kyautar zumunci ce, ka karɓa da godiya, ranar Kirsimati kai ma ka aika da naka. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba ya karanta 1 Korintiyawa sura 10, ya kuma nemi shawarar fastonsa. In watan azumi ya same ka a gidan Musulmi, kada ka zauna a tsakar gida da rana kana shan ruwa a gaban masu ƙishi. Ka shiga ɗaki. Da yamma kuwa, sa'ad da ƙarfinsu ya ƙare, lokacin ne ya kamata ka ɗauki jarka ka tafi rijiya.

Ibadarka kada ka ɓoye ta, kada kuwa ka mai da ita gasa. Littafinka ya kasance a fili, ran Lahadi ka yi sallama ka tafi sujada, kowa ya san inda za ka. Amma ta da waƙa da ƙarfi daidai lokacin da maigida ya ke salla neman faɗa ne, ba shaida ba. Kada ka yi gaggawar buɗe muhawara a kan tabarmar cin abinci. Manzo Bitrus, cikin wasiƙarsa ta fari sura 3, ya gargaɗe mu mu zauna da shirin amsa wa mai tambaya, da ladabi da tsoron Allah. Tambayar kuwa za ta zo. Wata rana da dare, bayan an ci tuwo, ɗan gidan da kuka yi noma tare zai ce, “Wai me ya raba ka da garinku ka zo nan, ba a biyanka?” Sa'an nan ka faɗa masa labarin Wanda ya bar ɗaukakar sama ya zo ya zauna baƙo a cikinmu, ya girma a gidan masassaƙi a Nazarat, ya yi biyayya, ya yi shekara wajen talatin kafin ya fara wa'azi, a ƙarshe ya ba da ransa domin waɗanda ba su karɓe shi ba.

Yanzu ga wani abu da ya faru, wanda ya isa gargaɗi. A watan Oktoba 1961, 'yan Peace Corps na farko da suka zo Nijeriya suna cikin horo a jami'ar Ibadan. Wata budurwa daga cikinsu ta rubuta wa wani a Amurka ɗan kati marar ambulan, ta kwatanta ƙazanta da talaucin da ta ce ta gani. Katin bai kai inda aka nufa ba, ya faɗa hannun ɗalibai, suka kwafe shi suka rarraba. Gari ya ɗauka, jaridun duniya suka buga, tilas ta bar ƙasar, abokanta kuwa suka daɗe suna shan kunyar abin. Ban ce mugunta ta nufa ba. Yarinya ce da ta ga abin da ba ta saba gani ba. Amma ruwan mutane ta ke sha sa'ad da ta rubuta. Wayar da ke aljihunka ta fi wannan kati sauri sau dubu. Abin da ka sa a Facebook ko WhatsApp da dare kana nishaɗi da abokanka na Funtuwa, kafin gari ya waye ɗan maigida da ke birni ya gani. Kada ka ɗauki hoton makewayinsu, ko na yaransu cikin tsumma, domin a yi dariya ko domin a ji tausayinka a aiko maka kuɗi. Faɗan kishiyoyi da ka ji ta katanga, da bashin da a ke bin maigida, amana ce, ko ga wanda ya aiko ka ba ka da izinin kwashe su. Wanda ya ba ka ɗaki ya buɗe maka asirinsa ne, ka rufa masa.

Har wa yau ka tuna da wuyan da mai masaukinka ya sa dominka. Mu mutanen Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara ba sai an ba mu labari ba. Mun ga abin da 'yan bindiga suka yi wa ƙauyuka cikin shekarun nan, mun tuna da Disamba 2020 da aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara, kafin Allah ya komo da su. Tun daga irin waɗannan abubuwa, baƙuwar fuska sau biyu a ke dubanta, ana tsoron masu kai wa ɓarayi rahoto. Yadda mu ke duban baƙo, haka za a dube ka a wani wuri. Sa'ad da maigida ya kai ka gaban mai unguwa ko dagaci ya ce wannan yarona ne, sunansa ya jingina. Saboda haka kada ka fita ba ka faɗi inda za ka ba, kada magariba ta same ka a waje, kada ka kawo wanda maigida bai sani ba ya kwana, kada kuma ka riƙa tambayar wa ke da shanu nawa, ko da zuciyarka fara ce.

Dare shi ne lokaci mai wuya. An kashe fitila, ana hira a tsakar gida da harshen da ba ka ji sai kalma ɗaya ɗaya, ka tuna da Innarka, ka ji kamar ka nemi mota da safe. Kusan kowa ya kan ji haka cikin watan farko, ba alamar cewa Allah bai kira ka ba ce. Ka gaya masa yadda ka ke ji, ka yi addu'a domin mutanen gidan ɗaya ɗaya da sunansu, gama da wuya mutum ya ci gaba da ƙyamar wanda ya ke ambata a gaban Allah kowane dare. Gobe kuma kada ka shige ɗaki da waya. Ka fito ka zauna cikin hirar ko ba ka fahimta.

Kai kuma da ba za ka ko'ina ba, watakila naka rabon shi ne ka zama mai masauki. Ɗan bautar ƙasa daga kudu da aka turo makarantar garinku, ko ɗalibin da ikilisiya ta aiko, ko iyalin da tashin hankali ya raba da ƙauyensu, ɗayansu zai tsaya a ƙofarka. Matar nan ta Shunem, cikin 2 Sarakuna sura 4, ɗan ɗaki ta shirya wa annabi Elisha, da gado da tebur da kujera da fitila. Ka yi haƙuri da kuskuren baƙonka, ka gaya masa al'adar gari tun bai taka ta ba, kada kuwa ka mai da shi bawan gona domin yana cin tuwonka.

Ran da koyonka ya ƙare, kada ka sulale da asuba kamar mai gudun bashi. Tun da sauran mako guda ka biya mai shago abin da ya ke binka, ka mai da fitila da bokiti da tabarmar da aka ara maka, ka share ɗakin ka bar shi fiye da yadda ka same shi. Ka bi gida gida ka yi ban kwana, har da tsofaffin da ba su iya fita, ka roƙi gafarar abin da ka yi da sani da wanda ba ka sani ba. Ka ba uwargida abin da ƙarfinka ya kai, ko sandar sabulu ce, ka ba maigida goro. Kada ka yi alkawarin za ka kai ɗansu birni ko za ka aiko da injin ban ruwa, alhali ba ka da ikon yi. In ka isa gida ka buga waya ka ce ka sauka lafiya, ka kuma riƙa bugawa lokacin shuka da lokacin kaka. In kuwa ka ji an yi rasuwa a gidan, ko bayan shekara goma ne, ka nemi kuɗin mota ka tafi gaisuwa, ka zauna a tabarmar 'ya'yan gida ana yi muku ta'aziyya tare.